A riƙa faɗin juyin Baibul ɗin da aka ɗauko aya a ciki

Malam Edita, assalamu alaikum, barka da aiki.

Ni malamin Hausa ne a wata kwalejin ilimi, kuma wannan lokacin duba furojek ɗin ɗalibai ne, shi ya sa abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya ya sake tasowa na ce bari dai in rubuto muku ko Allah ya sa 'yan uwana malamai da su ɗaliban su gani. Maganar yadda yaranmu suke ɗauko ayar Baibul su saka a aikin bincike ce. Kar wani ya ce me ya haɗa malamin Hausa, musulmi, da Baibul. Ai mu a sashenmu da Hausa ake rubuta furojek, kuma duk shekara sai an samu wanda zai yi nazarin fassara, ko waƙoƙin coci, ko kwatanta karin maganar Bahaushe da na littafin Karin Magana, ko tarihin rubutun boko, toh duk waɗannan dole su bi ta cikin Littafi Mai Tsarki ko sun so ko sun ƙi.

Satin da ya wuce wata ɗalibata ta kawo babi na biyu, ta rubuta aya da Hausa tsaf ta sa mata alamar zance, a ƙarshe ta ce Yohanna 3:16. Na buɗe wanda ke kan teburina, kalmomin ba su yi daidai ba. Na ce toh ko tsohon juyi ne, na taka ofishin abokin aikina na sashen addinin Kirista muka duba nasa, nan ma ba haka take ba. Da na tsare ta sai ta ce wai a waya ta samu da Turanci ita ta mayar da kanta Hausa. Wallahi ban san lokacin da na yi dariya ba. Na ce mata 'yata ke kin zama mai fassara kenan, ba laifi ba ne, amma ki rubuta cewa fassararki ce daga juyin Turanci kaza, kar ki jingina wa littafin mutane maganar da ba su rubuta ba.

Abin da yawancin yaran ba su sani ba, har da wasu Kiristocin cikinsu, shi ne Baibul na Hausa ba ɗaya ba ne. An fara juya wasu littattafansa tun ƙarni na 19 a hannun Schön, Bajamushen nan ɗan mishan da ya yi aiki da Dorugu, wani Bahaushe da ya taimaka masa a kan harshen. Cikakken ya fito a 1932, wanda Likita Miller na Zariya ya sha wahala a kansa shi da abokan aikinsa, sannan aka yi sabon juyi a 1979, bayan nan ma an yi wasu. Kuma hatta sunayen littattafan sun canza. Wanda tsohon juyi ya kira Yohanna, na 1979 Yahaya ya ce. Matta ya koma Matiyu, Misalai ya koma Karin Magana, Kubawar Shari'a ta zama Maimaitawar Shari'a, Mai-Wa'azi ya zama Mai Hadishi, Ru'ya ta Yohanna kuma Wahayin Yahaya. Na taɓa samun ɗalibi da ya jera Misalai da Karin Magana a matsayin littattafai biyu daban har yana kwatanta su yana cewa suna da kamanceceniya sosai. Ina kamanceceniya, ai abu ɗaya ne, danjuma da danjummai ma sun fi su bambanci. Da ya rubuta juyin da ya yi amfani da shi da shekararsa tun farko da shi da kansa zai gane ya yi tuntuɓe.

Da Turanci ma abin ya fi yawa. King James ta 1611 daban, RSV ta 1952 daban, NIV ta 1978 daban, kuma ba a kalmomi kaɗai suka rabu ba. Akwai ayoyin da za ka samu a King James amma a NIV sai dai ka gan su a ɗan rubutun ƙasan shafi, kamar Matiyu 17:21 da Ayyukan Manzanni 8:37, saboda masu sababbin juyin sun bi rubuce-rubucen hannu mafi tsufa da babu ayoyin a ciki. Ƙarshen Markus, 16:9-20, shi ma yawanci da bayani ake kawo shi don wasu tsofaffin kofe na ƙarni na 4 ba su da shi. Toh ka ga in ɗalibi ya kafa hujja da irin wannan aya bai faɗi juyi ba, mai duba aikin ya buɗe nasa bai gani ba, me zai ce? Cewa zai yi yaron ya ƙirƙira, alhali gaskiya gare shi, sakaci ne kawai ya ja masa. Haka Baibul ɗin Katolika littattafai 73 ne, na sauran ɗariku irin su ECWA da Anglika da Baptis wanda aka saba gani 66, saboda haka in ka ɗauko daga Tobit ko Makabiyawa, waɗanda ba sa cikin 66 ɗin, wani zai yi ta lalube har gobe bai samu ba. Lambar Zabura ma tana zamewa, wadda aka sani da ta 23, ta makiyayin nan, a tsohon juyin Latin ta 22 ce.

Ina ganin mu musulmi abin da ke ruɗa mu shi ne mun saba da Alƙur'ani, nassin Larabci ɗaya, ka ce Baƙara aya ta 255 kowa ya san inda zai je. Sai mu ɗauka can ma haka ne. Amma ko mu ɗin in fassara za ka kawo ai dole ka ce ta Shaikh Abubakar Gumi ce ko ta wani, kuma ba malamin da zai yarda ɗalibi ya ce "ya zo a hadisi" ya yi shiru, sai ya tambaye shi Buhari ko Muslim, wane babi. Wannan tsantsenin da muke yi wa namu shi nake roƙo a yi wa na maƙwabta. Abin kunya ne ka ga takarda a kan kwatanta addinai, ɓangaren hadisi an kawo komai da komai har lamba, ɓangaren Baibul kuma "Baibul ya ce" kawai, ka bincika ka tarar daga wani fostin na Facebook ko ƙaramin littafin muhawara aka kwaso, marubucin bai taɓa riƙe littafin a hannunsa ba. Su ma ɗaliban Kirista ban wanke su ba, nasu laifin shi ne dogaro da hadda, sun ji ayar a coci tun suna yara sai su rubuta da ka, rabi tsohon juyi rabi sabo, kamar dafa-duka.

Yadda ake yin abin kuwa bai kai wahalar da ake tsoro ba. Sunan littafi, sura, aya, sai juyi. Lambar shafi ba ta da amfani a nan ko kaɗan, na sha ganin "Baibul, shafi na 412", shafin wane bugu? Su surorin nan an tsara su ne tun ƙarni na 13, ana danganta aikin ga Stephen Langton, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuma Robert Estienne ya sa su a bugunsa na 1551, dama don kowa ya iya samun wuri ɗaya komai girman littafinsa. Sannan a kula da lambar da ke gaban suna, Yahaya 3:16 daban 1 Yahaya 3:16 daban, na farko bishara ce na biyu wasiƙa, masu buga aiki a bizines santa suna yawan cinye wannan ɗayan su ɗauka kuskuren taifin ne.

Inda su kansu malamai muke da laifi shi ne maganar jerin manazarta. Yawancin makarantunmu APA, wani tsarin rubuta madogara da manazarta, suke cewa a bi, toh APA ɗin ta canza, a bugu na 6 ba a buƙatar sa Baibul a manazarta, cikin rubutu kawai ya isa, amma bugu na 7 ya ce a sa shi kamar kowane littafi, da sunan juyi da shekara da maɗaba'a. Tsarin Chicago da Turabian wanda makarantun tauhidi suka fi so shi kuma yawanci ba ya sa shi a manazarta. Sai ka ga sufabaiza ya ce cire, ranar difens wani ya ce ina yake, yaro ya rasa na wa zai bi, ya koma bizines santa ya sake biyan kuɗin firintin. Kowane sashe ya zauna ya fitar da takarda shafi ɗaya ya ce ga yadda muke so, da misali na Alƙur'ani da na hadisi da na Baibul, da Hausa, a manna a allon sanarwa. Kuma don Allah a gaya wa yara ba a rubuta sunan mawallafi in Baibul aka sa a manazarta, na ga wanda ya sa "Allah (ba shekara)" a tsakanin Abraham da Bargery, masu ƙamus ɗin Hausa.

Ku ma 'yan jarida ban bar ku ba Malam Edita, lokacin Kirsimeti da Ista kuna kawo ayoyi a rahotanninku, wani lokacin da gani daga Turanci wakilinku ya juya a tsaye. Ku sayi Littafi Mai Tsarki na Hausa guda ɗaya ku ajiye a ɗakin labarai, ba shi da tsada.

Sai roƙo na ƙarshe, kofen 1932 ɗin da nake aro wurin abokin aikina ya tsufa, bangon ya rabu, wasu shafukan Zabura sun zube, kuma shi ma na mahaifinsa ne ba ya son ya riƙa fita daga ofis. In akwai wani cikin masu karatu, fasto ko dattijo, da yake da wanda ba ya amfani da shi, ya taimaka ya bar saƙo a ofishinku, ina da ɗalibai biyu bana da suke kwatanta shi da na 1979.

Na gode.

Naku,
Wani malamin Hausa