Malejin da ka ɗaura mini a hannu

Aminina Sani,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Hajiya da yara. Yaya Kumasi, yaya kasuwa? Mu nan Kaduna sai godiya, hazo ne dai ya sa mu gaba.

Saƙonka ya iso ranar Laraba, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Agogon ya zauna mini daram a hannu. Sai dai ka bar ni da aiki, domin lambobin nan da ke kewaye da bakinsa, 60, 90, 120 har zuwa 400, sun hana ni sakat. Na kai wa wani dattijo mai gyaran agogo a bakin kasuwa. Ya maƙala ɗan gilashinsa a ido, ya jujjuya shi, ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ai maleji aka ɗaura maka."

Ban yarda ba sai da na gwada. Ranar Asabar na sa Bashir ya ja mota muka hau hanyar Zariya. Na danna maɓallin sama, dogon hannun ya fara tafiya, da muka ci kilomita ɗaya cif na sake dannawa. Daƙiƙa 40, kuma hannun ya tsaya a kan 90. Lissafin ba wuya: awa ɗaya daƙiƙa 3,600 ce, ka raba da 40, ka sami gudun kilomita 90 a awa. Yaron da kullum yake rantse mini ba ya wuce 80, ga shi agogo ya tona masa asiri.

Ka san halina, in abu ya shiga raina sai na ga ƙwal uwar daka. Ashe mota da agogo tun suna ƙanana suke tare. A 1911 kamfanin Heuer na Suwizalan ya fito da agogon da ake kafewa a gaban direba don ya ƙirga tsawon lokacin tafiya. A 1933 suka yi wani mai suna Autavia, sunan da suka haɗa daga kalmomin mota da tuƙin jirgin sama. Sai a 1962 wannan sunan ya sauko daga jikin mota ya koma tsintsiyar hannu. Amfanin agogon hannu ga direba a fili yake: mai riƙe da sitiyari ba shi da hannun laluben aljihu. Har akwai agogon hannun da kamfanin Vacheron Constantin suka ƙera a 1921 da fuska a karkace, yadda mutum zai karanta lokaci ba tare da ya saki sitiyari ba. Wannan dabara ta fi burge ni a kan duk sauran.

Masu tsere ne suka kai abin ƙololuwa. A watan Satumba na 1935 Malcolm Campbell, Baturen Ingila, ya haura mil 300 a awa, wato sama da kilomita 480, a filin gishiri na Bonneville a Amurka, da Rolex a hannunsa. A 1963 Jack Heuer na kamfanin Heuer ya raɗa wa sabon agogonsa Carrera, sunan wani tseren ƙasar Meziko mai tsawon fiye da kilomita 3,000, wanda aka fara a 1950 aka daina bayan na 1954 saboda yawan rayukan da yake ci. Ni dai wannan bai kwanta mini ba. Abin da ya mayar da mata zawarawa, shi ne kuma aka mayar abin ado. Daytona na Rolex ma sunan wurin tsere ne a Fulorida. Wanda ɗan wasa Paul Newman ya ɗaura, da matarsa ta sa aka zana masa a baya cewa ya riƙa tuƙi a hankali, an sayar da shi a 2017 kan dala miliyan 17.8. Kar ka ce in juya maka zuwa naira, hawan jini gare ni.

Amma ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ka tuna Fijo 504 ta Baba, haɗin nan Kaduna, wadda muke wankewa ranar Juma'a don a ba mu na rake? Ka tuna rubutun da ke jikin malejinta, Jaeger, da muke gardamar yadda ake faɗinsa? To, Edmond Jaeger maƙerin agogo ne a birnin Faris, kuma sunansa ne rabin Jaeger-LeCoultre, agogon da sai masu hannu da shuni. Smiths na Ingila ma haka, da agogo suka fara kafin su shiga yin malejin mota. Shekara da shekaru Baba yana Kaduna zuwa Kano da aikin maƙeran agogo a gabansa, alhali shi bai taɓa ɗaura agogo ba, da inuwa yake gane azahar. Da na gano haka sai da na yi shiru na ɗan lokaci. Allah ya jiƙansa da rahama.

In ka shigo da Babbar Salla, ka zo da naka mu sake bin hanyar Zariya, amma ni zan ja, ba Bashir ba. A gaishe mini da Hajiya, a shafa kan yara.

Naka har kullum,
Ibrahim