Boris ɗin sifindil: a duba ajinsa kafin a saya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka domin mu ja hankalin masu injinan yankan ƙarfe na les da na milin, da na wasa ƙarfe, musamman masu aiki da tsofaffin injinan da ake shigowa da su na hannu, kan wani kuskure da ya zama ruwan dare wajen canza boris ɗin sifindil, wato sandar da ke juya kan injin.

Makaniki ya ciro tsohon boris, ya karanta 7205, ya je kasuwa ya ce a ba shi irinsa. Wannan lamba siffa da girma kawai take faɗa; 05 na ƙarshe a ninka da biyar, ramin ciki milimita 25 ke nan. Ba ta faɗi ajin daidaito ba. Aji yana cikin haruffan da ke bin lambar, su ne kuma ake tsallakewa.

Azuzuwan biyar ne. A tsarin ISO 492 da DIN 620 na Jamus, akwai P0 na yau da kullum, sai P6, P5, P4 da P2, lamba na raguwa daidaito na ƙaruwa. Na Amurka hawa yake yi: ABEC 1, 3, 5, 7, 9. Saboda haka ABEC 7 shi ne abokin P4, ABEC 9 kuma P2. Wanda bai san wannan ba sai ya ɗauka P6 ya fi P4.

Ga bambancin a boris mai rami 25. P0 an yarda raminsa ya gaza da maikuron 10, zoben cikinsa ya yi rawa har maikuron 13 a zagaye ɗaya. P5, rami 6, rawa 4. P4, rami 5, rawa 3. P2 duka biyun 2.5. Maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, silin gashi ma ya kai wajen 70. Kada a raina shi. Rawar nan takan bi sanda ta ƙaru a bakin wuƙa, sai ka ga aiki ya fito da zane-zane, ko rami ya ƙi zama zagaye, mai injin yana ta zargin wuƙa. Sifindil na les da milin P5 ko P4 yake so, na wasa ƙarfe P4 ko P2. P0 na fanka ne da famfo da motar lantarki.

Abin da ya fi damunmu shi ne C3. Masu shago da yawa na miƙa shi a matsayin babban aji, alhali ba aji ba ne sam. C3 yana nufin sarari tsakanin ƙwallaye da hanyarsu ya fi na al'ada. A boris mai lamba 6205, na al'ada maikuron 5 zuwa 20 ne, C3 kuma 13 zuwa 28. An yi shi ne don inda zafi zai kumbura sanda ya cinye sararin, kamar motar lantarki. Sifindil kuwa ba ya son sarari ko kaɗan, shi ya sa ake sa masa boris mai kusurwa guda biyu, galibi digiri 15 ko 25, a matse su da juna. Yadda ake jera su ma yana da haruffa: DB baya da baya ne, shi ya fi riƙe sanda kada ta langaɓe. DF gaba da gaba. DT duka suna kallon waje ɗaya. A sayi biyun tare a kwali ɗaya, a bi alamar V da ke bayan zobensu. Sabo ɗaya da tsoho ɗaya ba sa zama lafiya.

Shi kansa P4 asarar kuɗi ne in mazauninsa ya lalace. Zoben boris siriri ne, siffar sandar da ya hau yake ɗauka. Kafin a saya, a ɗora sanda a kan ƙarfen tallafi mai siffar V, a auna mazaunin da kafaɗarsa da agogon awo mai karanta milimita 0.001. In rawar ta wuce maikuron biyu zuwa uku, ko an taɓa bubbuga wurin da fanci don boris ya kama, sai an gyara sandar tukuna. Galibin boris na wannan aji suna da ɗigo a gefen zoben ciki, inda ya fi kauri. A sa ɗigon ya fuskanci inda sandar ta fi ƙasa, kuskuren biyu su rage juna.

Wajen sawa, guduma ba ta da gurbi. Bugu ɗaya da ya ratsa ta ƙwallaye yana barin lotsa a hanya, ƙara ta fara tun ranar farko. A ɗumama boris kaɗan, digiri 20 zuwa 30 sama da zafin sanda ya isa, ba da wutar walda ba. Kada a buɗe ledarsa sai lokacin sawa, balle a kwanakin hunturu da ƙura ke shiga ko'ina. Giris na sifindil ake sawa, abin da bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na sararin ciki ba, domin cikawa zafi take jawowa. Notin matsewa kuma a ɗaure shi gwargwadon abin da littafin injin ya ce.

Jabu ya yi yawa, kuma buga P4 a jikin zobe ba wuya. In farashinsa ya yi kusa da na P0, a ajiye shi. Ƙungiyar masu ƙera boris ta duniya, WBA, tana da manhajar waya da ke duba lambar kwalin wasu manyan kamfanoni.

Bayan an haɗa, a fara da ƙaramin gudu na minti ashirin, a riƙa ƙarawa mataki-mataki ana jiran zafi ya tsaya a kowane mataki. In gidan boris ya nufi digiri 60, a kashe injin ya huce, a sake daga matakin baya. In zafi ya ƙi tsayawa, matsi ne ya yi yawa ko giris.

Mun gode, Edita.

Daga wasu masu gyaran injinan yankan ƙarfe, Kaduna