Ciwon ƙanena zai bi ƴaƴana?

Assalamu alaikum Likita, barka da aiki. Ni malama ce a nan Maradi, ina koyar da ilimin halittu a kwalej. Na daɗe ina sauraron shirinka, yau ga shi abin ya zo kaina.

Ƙanena ne, wanda ke bi mini. Yana shekara 19, yana shirin jarrabawar bak ta kammala sakandare, ya fara kulle kansa a ɗaki. Ya kwashe batiran rediyon Baba ya binne a bayan gida, wai masu karanta labarai da shi suke. Tuwo kuwa sai Inna ta yi loma a gabansa kafin ya taɓa. Aka ce iskoki, aka ce sammu, aka yi ruƙiyya, aka kai shi wani ƙauye wajen mai magani, wata uku da mari a ƙafa. Tabon yana nan a idon sawunsa, shi ya sa ko da zafin bazara ba ya rabuwa da safa. Daga baya likitan ƙwaƙwalwa ya ce sikizofireniya ce, wani nau'in ciwon taɓin hankali, ya ɗora shi a kan maganin Haldol. Alhamdulillahi muryoyin da yake ji sun lafa. Hannunsa na rawa, kofin shayi ma da hannu biyu yake riƙewa, amma yana taya Baba zaman shago.

Yanzu an kawo kuɗin gaisuwata. Sai gwaggon wanda zan aura ta aiko wa Inna cewa sun ji gidanmu akwai taɓin hankali, kuma abin a jini yake. Inna ta kwana tana kuka.

Likita, na bi karatun abin iyakar ƙarfina. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 300 na da wannan ciwo. Masu bincike da suka duba ƙwaƙwalwar waɗanda suka rasu da shi, musamman sashen da ke bayan goshi, sun tarar ƙwayoyin gado masu yawa sun sauya yadda suke aiki, wasu sun wuce ƙima, wasu sun yi sanyi, kowace da ɗan bambanci kaɗan. A 2016 kuma masana a Amurka suka nuna wata ƙwayar gado mai suna C4, wadda ke da hannu wajen sassabe mahaɗan jijiyoyin ƙwaƙwalwa. In aikinta ya yi yawa, haɗarin na ƙaruwa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tagwaye masu kama ɗaya: gadonsu ɗaya, amma in Hasan ya kamu, kusan rabin lokaci Husaini lafiyarsa lau. Ke nan akwai gado a ciki, ba zan yi wa kaina ƙarya ba, amma ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba.

A aji ina iya bayyana wannan da alli. A gaban surukai bakina ya mutu.

Don Allah ka gaya mini gaskiya: ni da nake yayarsa, uwa ɗaya uba ɗaya, yaya haɗarin yake a kan ƴaƴan da zan haifa? Akwai abin da uwa za ta kiyaye tun daga goyon ciki, ko lokacin da yaro ke tashen balaga, ban da nisanta shi da wiwi? Sannan shi wanda zan aura, in zaunar da shi in faɗa masa komai da bakina, ko in roƙe shi mu je wajen likitan ƙanena tare? Baba ya ce a yi shiru har a ɗaura. Zuciyata ba ta kwanta da haka ba, don ba na son in shiga ɗakin miji ina ɓoye ɗan'uwana.

Taka mai sauraro,
wata malama daga Maradi