A Auna Wuta Kafin A Sauke Tanki

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ɗan ba ni fili in yi magana da 'yan uwana masu gyara, da su kansu masu motoci. Sana'ata wayarin ɗin mota, kuma na gaji da ganin ana yanke wa famfon mai hukunci kan laifin da bai ji ba bai gani ba.

Kwanan baya aka jawo mini wata mota da igiya. Mai ita ya ce da safe garau take tashi, amma da ta ɗau zafi sai ta fara shaƙewa, ya taka totur ta ƙi ja, can sai ta mutu. Sau biyu ana sauke tanki ana sa sabon famfo. Na ce an duba rile kuwa, wato ɗan makunnin da ke sakar wa famfo wuta? Ya ce an duba, ai yana yin "ƙas". To a nan gizo ke saƙar. Wannan ƙarar abu ɗaya take shaidawa: naɗin wayar da ke ciki, wato ƙafafun rilen masu lamba 85 da 86, ya samu wuta ya ja ƙarfe. Ba ta ce uffan ba game da bakin da ke haɗa ƙafa ta 30, mai ɗauko wuta daga batir, da ƙafa ta 87 mai miƙa ta ga famfo. Bakin nan yana iya ƙonewa ya yi ƙuraje, rile na ta ƙara, wuta kuwa ba ta wucewa sai 'yar kaɗan.

Na fara da batir, don in shi ne maras lafiya duk awon banza ne. Ya ba ni bolt 12.6, lafiyarsa ƙalau. Na murɗa makulli, famfo ya yi ɗan gurnaninsa na kamar daƙiƙa 2, mota ta tashi. Na bar ta ta yi zafi, sannan na ɗora tsinken mitar awon wuta ɗaya a 30, ɗaya a 87, rile na zaune a mazauninsa. Lafiyayyen rile bai kamata ya cinye fiye da kamar bolt 0.2 ba. Wannan sai da ya cinye kusan 4. Da yake inji na aiki, batir na nuna 14, famfo na fama da 10. Da na ɓalle murfin rilen, bakin ya yi baƙi ƙirin, robar soket ɗin ma ta yi ja ta fara narkewa, ga ƙauri.

Me ya sa waɗanda suka riga ni ba su gani ba? Sun zare soket ɗin famfo suka auna, suka ga 12, suka ce wuta lafiya. Mita ba ta jan wutar kirki, ko silin waya ɗaya ya rage za ta nuna maka 12 cif. Famfo kuwa wuta mai yawa yake ja, sai yana aiki asirin waya ke tonuwa. Don haka a auna yana jone, yana juyawa.

Wanda ba shi da mita, akwai dabara. A motoci da dama rilen hon iri ɗaya ne da na famfo. A duba lambarsu, in sun dace a musanya a gani. A leƙa fiyus, a kuma kankare tsatsar inda wayar famfo ta kama bodi, don sau da yawa can wutar ke maƙalewa. In na'urar gano ciwon mota ta fito da lambar P0230, hanyar wutar famfo take nufi, ba ta ce a sayi famfo ba, duk da dai wasunmu da sun ga kalmar famfo a allo sai su ɗauko sifana. Sai dai a kula: wasu sababbin motoci suna da ɗan akwatin da ke rage wa famfo wuta da gangan, a irinsu ganin ƙasa da 12 ba ciwo ba ne.

Ita dai wannan motar, rile na canza mata da soket ɗinsa, don in an bar ƙonannen soket sabon rilen ma ba zai kai labari ba. Mai ita ya buɗe but ya nuna mini tsofaffin famfunan nan biyu a leda. Na jona su da batir ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya juya.

Naka,
Wani mai wayarin ɗin mota