Lincoln sunan gari ne a Ingila, ku gyara

Assalamu alaikum Malam Edita,

Gaskiya shirinku na ranar Lahadi ya ɓata min rai. Ya za a yi mai gabatarwa ya buɗe baki ya ce wai sunan Lincoln a Amurka aka ƙirƙiro shi, wai daga kan shugaba Abraham Lincoln ya fara? Haba jama'a! To shi Abraham ɗin daga sama ya tsinto?

Ni nan shekara biyu cur na yi ina karatu a garin Lincoln da ke gabashin Ingila, ba labari aka ba ni ba, na sha hawa tudun nan nasu da suke kira Steep Hill ina haki kamar raina zai fita ga sanyi na yankan kunne. Garin tun zamanin Rumawa yake, su suka sa masa Lindum Colonia, shi Lindum ɗin daga kalmar mutanen wurin na asali ya fito, ma'anarsa tafki, kuma tafkin na nan har gobe a tsakiyar gari, a bakinsa muke zama in rana ta ga dama ta leƙo. Baki ne ya yi ta tauna sunan har ya koma Lincoln. Wanda ya bar garin ya je wani wuri sai a laƙa masa, kamar dai yadda muke cewa Aminu Kano ko Shehu Shagari. Shi kansa kakan kakannin Abraham, Samuel, a 1637 ya bar Ingila ya tsallaka Amurka da sunan a hannunsa.

E, na yarda, saboda Abraham iyaye ke son raɗa wa yaro sunan, mutumin da ya shelanta 'yanta bayi a 1863, ga hotonsa a takardar dala 5. Amma shi ya ƙara wa sunan farin jini ne kawai. Kuma don Allah Linkan ake cewa, l ɗin nan ta biyu ba a furta ta, shi kuwa malamin naku sai Linkolin yake ta maimaitawa har na rage murya.

Sannan wai me ya sa kuka mayar da shirin daidai magariba ne? Kafin mu dawo daga masallaci an cinye rabi, sauran kuma talla. Na kira layinku ya fi sau biyar ba wanda ya ɗauka.

Mai sauraronku na kullum,
daga Zariya