Wasiƙa zuwa ga 'yata mai karatun lauya

Assalamu alaikum, Uwata. Da fatan kina lafiya, karatu kuma na tafiya yadda ake so. Mamanki da ƙannenki suna gaishe ki.

Kin tambaye ni kalmar nan chattel da kike yawan cin karo da ita a littattafanku. A kotu tana nufin dukiyar da ake iya ɗauka a kai wani wuri: mota, keken ɗinki, dabbobi, gado da katifa. Gona da fili ba sa ciki, hukuncinsu daban ne.

Asalinta ba Turancin Ingila ba ne. Bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci ƙasar da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu, kuma ta nan ta shigo. Tushenta capitale na Latin, daga caput, wato kai. Uwarsu ɗaya da capital, wato jari, da kuma cattle. Ita cattle a da kowace irin dukiya take nufi, sai daga baya ta tsaya kan shanu. Ba abin mamaki ba ne, ko a nan Bafulatani in ya ce dukiyata, garkensa yake nufi.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, an taɓa sa ɗan Adam cikin wannan lissafi. Bautar da aka yi a gonakin rake da auduga na Amurka da tsibiran Karebiyan, chattel slavery ake ce mata: a sayar da mutum, a jinginar da shi, a gaje shi. Da majalisar Birtaniya ta haramta ta a yawancin ƙasashen da take mulka a 1833, fam miliyan 20 aka ware diyya ga iyayen gijin bayi. Bayin ko sisi ba su samu ba. Matar aure ma a Ingila sai a 1882 doka ta ba ta cikakken iko da dukiyarta, abin da Musulunci ya ba mace tun fil azal.

Don haka ranar da aka kawo miki takardar rabon gado, kada ki sa hannu sai kin bi jerin kayan ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa dangin miji kan haɗa kayan ɗakin matar mamaci, kwanukanta da gadonta da awakin da ta kiwata, cikin abin da za a raba. Nata ne. Ki zauna da ita, ki tambaye ta da bakinta, a ware mata su kafin a fara rabo.

Allah Ya yi miki albarka.

Mahaifinki