Baƙonku na ranar Asabar bai taɓa kwana da katin da aka toshe ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na rubuto ne a kan baƙon da kuka kawo a shirin tattalin arziki na ranar Asabar, wanda ya ce yanzu matafiyi katin bankinsa kawai zai saka a aljihu ya hau jirgi. Sau uku ya maimaita, ina ƙirgawa. Mai gabatarwa kuma sai gyaɗa masa take yi, ko sau ɗaya ba ta tambaye shi ko ya taɓa yin wata uku a ƙasar wasu ba. To ni na yi, a tsakiyar hunturu kuwa, kuma har yau idan na tuna raina ɓaci yake.

Na je Landan wankan jegon 'yata a farkon Disamba. Kafin in tafi na ji irin maganar da baƙonku ya yi, cewa tun tsakiyar 2025 bankuna sun dawo da amfani da katin naira a waje bayan sun rufe tun 2022. Gaskiya ne, ban musa ba. Makon farko katin ya yi aiki, na sayo citta da kanumfari da gero a wani shagon 'yan Afirka, na ɗora katin a kan na'ura ta yi ƙara, har ina yi wa 'yar tawa baki wai mu ma ƙasarmu ta ci gaba. Ranar da na cika kwana tara na shiga kantin magani da rigar sanyi biyu a jikina, layi a bayana, na'ura ta ƙi katin. Aka sake, ta ƙi. Na ajiye kayan na fito, ƙarfe huɗu ba ta yi ba amma gari ya yi duhu kamar bayan isha'i.

Ashe banki ne ya ga ana taɓa kuɗin a wurin da bai saba gani ba, ya ɗauka ɓarawo ne, ya toshe. Wannan ma ban ga laifinsu ba, kare ni suka yi. Laifin yana wajen buɗewa. Aka ce in shiga manhajar banki. Manhajar ta ce ba ta san wayar ba, domin yarinyar ta canza mini waya da na iso, tsohuwar batirinta ba ya jure sanyi. Sai an turo lambar sirrin nan ta tabbatarwa, wato OTP. Ina za a turo ta? Layina na gida. Layin kuwa tun da na sauka a filin jirgin Heathrow bai sake nuna sabis ba, don babu wanda ya gaya mini cewa sai an tabbatar an buɗe masa damar aiki a waje tun ana gida. Aka ce akwai imel. Imel ɗin wani yaro ne ya buɗe mini a shagon kwamfuta shekarun baya lokacin cike takardun fansho, ni ko kalmar sirrinsa ban taɓa riƙewa ba.

Na kira lambar kula da abokan hulɗa da wayar surukina. Minti ashirin suna kaɗa mini kiɗa, kuɗin kira na tafiya da fam, sannan wata yarinya ta ɗauka ta ce, “Hajiya, sai dai ki zo reshen da kika buɗe asusun.” Na ce mata ina Ingila. Ta ce to idan na dawo. Malam Edita, wannan ita ce amsar da baƙonku bai faɗa wa masu sauraro ba. Kuɗina ne, gumina ne na shekara talatin da biyar ina cin alli a aji, fansho na shiga duk wata, amma ko alat ba na gani balle in taɓa.

Ku maza wataƙila ba za ku gane nauyin abin ba. Mace ta je gidan suruki, tana cin abincinsa, tana ƙona masa gas da ruwan wankan jego safe da yamma a ƙasar da ɗumama ɗaki kaɗai ke cinye albashi, sannan ta buɗe baki ta ce ya ba ta kuɗin mota? Wallahi na gwammace in taka da ƙafa. Kuma na taka ɗin. Motocin bas na Landan tun 2014 ba sa karɓar tsabar kuɗi, sai kati, saboda haka ranar da zan je masallacin Juma'a na yi tafiyar kusan minti arba'in a kan hanya mai santsi, yatsuna sun ƙage a cikin safar hannu. Yaron kirki ne, da ya gane sai ya ajiye mini katin mota a kan firji bai ce komai ba. Kunyar da na ji a ranar ta fi sanyin.

Za ku ce me ya hana ni riƙe tsabar kuɗi. Na riƙe. Na sayi fam ɗari uku a hannun wani ɗan canji kafin in taso, ya ƙirga mini sababbi ƙal a ido. Rabinsu takardun fam ashirin da hamsin ne na tsohon yayi, waɗanda aka daina karɓa a shaguna tun 30 ga Satumba, 2022. Na yanzu na leda ne, irin naira ashirin da hamsin ɗinmu. Mai shago ya juya takardar ya miƙo mini da murmushi. Sai da muka ɗauki jariri cikin bargo muka je Babban Bankin Ingila da ke titin Threadneedle, da fasfo a hannu, muka bi layi aka canza. Ko wannan ɗin baƙonku bai ambata ba, alhali kullum mutanenmu na sayen fam a kasuwa ba su san bambancin ba. Shi ya tsaya yana lissafa mana cewa matafiyi na da damar sayen dala 4,000 duk wata uku ta hanyar banki. Bai ƙara da cewa a Fabrairun 2024 Babban Bankin Najeriya ya ce a kati za a zuba wannan kuɗin ba, ba a hannu ba. Wato shi ma yana iya maƙalewa yadda nawa ya maƙale.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Janairu. Marayun yayana uku suna hannuna, ni ke biyan kuɗin makarantarsu, zango na biyu ya kama, ga kuɗi a asusu ga shi ba ni da ikon tura ko kwabo. Sai da na kira ƙanena ya ranto ya biya. Ni kuma kuɗin kashewa, wani ɗalibi ɗan Katsina da muka haɗu a masallaci shi ya riƙa ba ni fam a hannu, ƙanen nawa yana tura wa mahaifiyarsa naira a gida. Da amana muka rayu, ba da kati ba. Na dawo a watan Maris da bashi a kaina, ni da ban taɓa cin bashin kowa ba tun rasuwar Malam. Da na je reshen, minti goma ba a yi ba aka buɗe komai. Minti goma! Ma'aikacin har yana tambayata don me ban karɓi 'yar na'urar nan ta token mai ba da lambar sirri ba kafin in tafi. Na ce da wa ya gaya mini akwai ta?

Don haka ina roƙo ku dawo da wannan bawan Allah, ko ku kawo wani wanda ya san abin da yake faɗa, ya gaya wa iyaye mata masu zuwa jego da masu zuwa jinya Masar da Indiya su je banki da ƙafarsu kafin tafiya, su sanar da ranar fita da ta dawowa, su gwada layinsu, kada su canza waya a can, su kuma riƙe kati fiye da ɗaya. Sannan ku tambayi bankunan a bainar jama'a, me ya sa za a iya toshe mutum daga nesa amma ba za a iya buɗe shi daga nesa ba.

Wani abu kuma tun da na ɗauki alƙalami. Tallan maganin gargajiyar nan da kuke sakawa a tsakiyar shirin, mai maganar basir da ƙarfin maza, don Allah ku duba shi. Da jikoki nake sauraron rediyo, ranar nan ƙaramar ta tambaye ni ma'anar wata kalma sai da na ce ta je ta ɗebo mini ruwa. Layin kiran naku ma na gwada sau shida ranar Asabar ɗin bai shiga ba, shi ya sa na rubuto.

Taku mai sauraro,
Tsohuwar malamar firamare, daga Zariya